Rajistar ma'aikata da mai gadin netwok: me ya sa manyan kamfanoni a Accra ke haɗa su?

Duk wanda ke aiki a banki, ko kamfanin waya, ko wata babbar ma'aikata a Accra, da wuya a 'yan shekarun nan bai ci karo da irin imel ɗin nan na 'yan aiti, wato masu kula da kwamfutocin kamfani, ba: daga rana kaza babu sauran fasuwod na tarayya, kowa da akawun ɗinsa ɗaya tak, da shi zai shiga komai, kuma duk shiga da fita sistem na rubutawa. A majalisun ataya na Nima da Mamobi maganar takan tashi idan ma'aikata sun taso da yamma, wani ya ce ai leƙen asirin ma'aikata ne kawai, wani ya ce dabara ce ta neman wanda za a sallama, wani kuma ya ce 'yan aiti ne dai suke neman aikin yi. Abin da ke ƙarƙashin sanarwar shi ne an haɗa wasu sistem guda biyu da a da kowanne ke zaman kansa, kuma haɗin nan yana da riba, yana da haɗari, har su kansu masu aikin ba su gama yarda da juna a kai ba.

Abu biyun da ake magana a kai

Na farko ita ce rajista. Ka ɗauki gidan haya irin na zango mai ɗaki talatin, maigida na da littafi, ya san wa ke ɗaki na nawa, wa ke da mabuɗin ƙofar waje, wa ya tashi tun watan jiya. To a netwok ɗin kamfani ma akwai wannan littafin, sai dai shi ya ƙunshi sunan kowane ma'aikaci, da kowace kwamfuta da saba (babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita) da firinta, da rukunin da kowa yake ciki, da abin da aka yarda ya taɓa. Idan kashiya ta buga sunanta da fasuwod da safe, kwamfutar gabanta ba ita ke yanke hukunci ba, rajistar take tambaya. Wadda ta fi yawa a manyan kamfanoni ita ce Active Directory ta Microsoft, AD a taƙaice, wadda ta fito tare da Windows 2000, sai OpenLDAP da ake samu kyauta tun 1998, sai kuma ta cikin intanet da a da ake kira Azure AD aka canza mata suna zuwa Entra ID a 2023. Yaren da manhajoji ke yi da rajistar idan za su tambaye ta abu sunansa LDAP, ya taso ne daga Jami'ar Michigan a Amurka a farkon shekarun 1990, sigarsa ta uku da ake amfani da ita har yau ta fito a 1997. Sabar da ke riƙe da rajistar kuma DC 'yan aikin suke ce mata, kuma babban kamfani ba ya ajiye guda ɗaya, sai ya baza su, wasu a hedikwata wasu a Kumasi ko Tamale ko Takoradi, suna kwafar juna.

Na biyu shi ne mai gadi, wato manhajar sa ido. Aikinsa dare da rana ya riƙa zagayawa yana duba saba kaza tana numfashi kuwa, faifan ajiya ya kusa cika, layin reshen Madina ya yanke, ɗakin saba ya yi zafi. Idan ya ga abin da bai gamsu ba sai ya buga ƙararrawa ta imel ko tes. Nagios ya fara a 1999 da sunan NetSaint, Zabbix ya fito daga Latbiya a 2001, akwai SCOM na Microsoft, akwai SolarWinds, akwai Prometheus da Grafana da samarin yanzu suka fi so. Akwai kuma ƙanin mai gadin da ake ce wa SIEM, irin su Splunk da Wazuh, shi lafiyar inji ba ta dame shi sosai ba, rubutun abin da ya faru yake tattarawa ya karanta ko akwai ɓarawo.

Haɗin iri uku ne, mutane na cakuɗa su

Rabin gardamar da ake yi daga nan take fitowa, domin idan ɗan aiti ya ce "mun haɗa monitorin da AD" abu uku yake iya nufi.

Mafi sauƙi shi ne mai gadin ya daina ajiye nasa jerin sunayen. Injiniya zai shiga allon Zabbix ko Grafana da akawun ɗinsa na ofis, kuma rukunin da yake ciki a rajista shi ke faɗin abin da zai gani, 'yan netwok su ga nasu, masu kula da ATM su ga nasu. Ranar da aka rufe akawun ɗinsa a rajista, allon ma ya rufe masa. Wannan ba wuya, aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya.

Na biyu shi ne mai gadin ya riƙa ɗauko jerin injinan da zai duba daga rajistar. An kafa sabuwar saba, an saka ta a sashen da ya dace, shi kenan ta bayyana a allo ba sai wani ya tuna ya rubuta ta da hannu ba. A kamfani mai saba dubu wannan babban sauƙi ne, amma fa rajista ba ta share kanta. Kwamfutar da aka yi gwanjonta shekara biyu da suka wuce tana nan da sunanta idan ba wanda ya goge, sai mai gadi ya yi ta kuka a kan injin da yanzu ƙila yana Tiptoe Lane a Circle ana cire masa kayan ciki. Ko alamar da Active Directory ke bazawa ta ranar ƙarshe da akawun ya shiga, takan yi lattin kwana 9 zuwa 14, don haka ba a dogara da ita a ce inji ya mutu jiya.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi, mai gadin ya sa ido a kan ita kanta rajistar. Windows na ba kowane motsi lamba: 4624 an shiga lafiya, 4625 an gwada an kasa, 4740 an kulle akawun, 4720 an ƙirƙiri sabon akawun, 4728 an saka wani a rukuni. A ce ƙarfe uku na dare sabar biyan albashi ta ɗau zafi. Mai gadin da bai san rajista ba abin da zai ce kawai inji na aiki fiye da kima, injiniyan da ke kan duti ya duba da ido ɗaya ya koma barci. Wanda aka haɗa da rajista kuwa zai nuna masa an gwada fasuwod sau ɗari biyu a kan akawun ɗin wani da ya bar aiki tun bara, sannan aka samu 4624, bayan minti huɗu kuma aka samu 4728, an cusa akawun ɗin cikin rukunin manyan admin. Injin ɗaya ne, zafin ɗaya ne, amma yanzu ƙararrawar ta zo da suna da lokaci. Wannan shi ne ainihin abin da kamfanoni ke biyan kuɗi su samu.

Me ya kawo maganar yanzu

Fasahar ta daɗe, doka ce ta taso ta gaba. A Oktoban 2018 Babban Bankin Ghana ya fitar da umarninsa kan tsaron intanet da bayanai ga bankuna da sauran cibiyoyin kuɗi, wanda ya sa dole a samu jami'i na musamman mai kula da tsaron bayanai, a kuma riƙa sa ido ana kai rahoto. Sai dokar tsaron intanet ta 2020, wato Act 1038, wadda ta kafa hukumar tsaron intanet ta CSA, kuma a 2021 aka ware ɓangarori 13 da ake ɗauka a matsayin ƙashin bayan ƙasa, ciki har da banki, sadarwa, makamashi, lafiya da sufuri. Mai riƙe da irin wannan sistem idan aka yi masa kutse, awa 24 gare shi daga lokacin da ya gano ya kai rahoto. Kamfanin da mutum shida ke shiga saba da fasuwod ɗaya mai suna admin, me zai rubuta a rahoton? Bai san wa ya shiga ba, bai san ko na ciki ne ko na waje ba. Oditoci ma tambayarsu ta farko kenan, nuna mana jerin waɗanda suka bar aiki a bana da ranar da aka rufe wa kowanne ƙofa.

Korona ta ƙara nata. Tun 2020 da aka saba aiki daga gida, katangar ofis ta daina zama iyaka, mutum na Kasoa ko Ashaiman yana shiga sistem da laptop ɗinsa, abin da ya rage a gane shi da shi sunansa ne a rajista.

Minti biyar na agogo

Akwai wani ɗan abu da ke nuna yadda rajistar ke da laulayi, kuma a ƙasar da ta san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba baƙon abu ba ne. Active Directory na amfani da wani tsari mai suna Kerberos, wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT, yana ba mutum tikiti idan ya shiga, tikitin kan yi awa 10. Sharaɗinsa shi ne agogon kwamfuta da na DC kada su saɓa fiye da minti biyar.

To a ce wuta ta ɗauke daren Lahadi a wani reshe, janareto bai tashi ba, batirin ko-ta-kwana na UPS ya ƙare, ƙaramin batirin da ke riƙe agogon sabar reshen kuma ya daɗe da mutuwa ba wanda ya lura. Litinin da safe wuta ta dawo, saba ta tashi da agogon da ya kauce. Ƙarfe takwas da rabi layi ya kai bakin ƙofa, Hajiya mai shagon atamfa ta riƙe kuɗin cinikin ƙarshen mako a jaka, kashiya na buga fasuwod daidai ana ƙin karɓa, sai dai ta ɗago ta ce "Hajiya ki yi haƙuri, netwok ne." Alhali layin intanet lafiyarsa ƙalau, kuma mai gadin da ke duba ko inji na kunne kawai kore zai nuna a allo, tunda a kunne take. Sai mai gadin da aka koya wa duba agogo, da gwada shiga rajistar da kansa duk bayan 'yan mintuna, da duba ko DC ɗin reshe na karɓar kwafi daga hedikwata, shi ne zai kama matsalar tun asuba.

Maganar kwafin ma abin lura ce. Tsakanin DC biyu da ke wuri ɗaya canji kan isa cikin daƙiƙoƙi, amma tsakanin gari da gari saitin asali minti 180 ne, sai an rage shi da hannu. Ke nan akawun ɗin da aka rufe a Accra da tara na safe yana iya ci gaba da aiki a Tamale har kusan azahar idan ba wanda ya taɓa saitin, balle idan kwafin ya tsaya cak sati biyu ba a sani ba.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu son a haɗa komai hujjarsu a fili take. Jerin sunaye biyu ko goma ba ya taɓa zama daidai, kullum sai an manta da wani. Tsohon ma'aikaci ko ɗan kwangila da har yanzu yake iya buɗe allon sa ido yana kallon taswirar netwok ɗin kamfani gaba ɗaya, sunan kowace saba da adireshinta da wadda ba ta da lafiya. Rufe ƙofa ɗaya ya fi rufe goma, kuma rajista ɗaya ce ke ba da damar tilasta wa kowa lambar tabbatarwa ta waya bayan fasuwod.

Ɗaya ɓangaren ba su musanta wannan ba, tambayarsu ita ce ranar da rajistar ta faɗi fa? Injiniya na son shiga allo ya ga me ya lalace, allon na tambayar rajista ko ta san shi, rajistar ce kuma ta mutu. Ƙararrawar ma ta imel take fita, imel ɗin kuma da rajista yake aiki. Mai gadi na waje, mabuɗinsa na cikin ɗakin da ya kulle. Irin wannan ne ya sa ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, Ghana na cikin ƙasashen da abin ya fi taɓawa, masu wannan ra'ayi suka samu abin nunawa: wanda rajistarsa da mai gadinsa duk suna wata cibiya a Turai, a irin wannan ranar hanyarsa zuwa duka biyun ɗaya ce.

Damuwarsu ta biyu ta fi ta farko. Don mai gadi ya leƙa kowace saba sai an ba shi akawun, kuma saboda gaggawa sau da yawa akan ba shi mai cikakken iko, da fasuwod ɗin da ba a canzawa shekara da shekaru don tsoron kada wani abu ya tsaya. Idan kuma an haɗa shi da rajista ta ƙofa mai lamba 389 ba tare da rufin sirri ba, fasuwod ɗin a buɗe yake tafiya a waya, ƙofar 636 ce mai rufi. Ɓarawon da ya kama mai gadi ya kama gida. A Disambar 2020 duniya ta ga haka a aikace, lokacin da aka gano masu kutse sun cusa guba a cikin sabuntawar manhajar Orion ta SolarWinds, wadda ita kanta manhajar sa ido ce, kwastomomi kusan 18,000 suka sauke ta, ciki har da ma'aikatun gwamnatin Amurka, kuma a wuraren da suka zaɓa su zurfafa, tsarin tantance sunaye suka nufa.

Labarin da 'yan aiti a nan suka fi son bayarwa shi ne na Maersk, kamfanin jiragen dakon kaya da duk mai hulɗa da tashar Tema ya sani. A Yunin 2017 cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta shiga netwok ɗinsu ta share DC ɗinsu kusan duka a lokaci guda, kuma da yake kowace ana ɗaukarta madadin 'yar'uwarta, da suka tafi tare sai aka rasa inda za a dawo da rajistar. Guda ɗaya ta tsira, saboda wuta ta ɗauke a ofishin da take kafin cutar ta iso. Labarin da ya fi yaɗuwa ya ce a Ghana ne, wasu manyan jami'an kamfanin kuma Legas suka ambata. Daga baya shugaban kamfanin ya ce sun sake kafa saba 4,000 da kwamfuta 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Kowane ɓangare na jan labarin wajensa, waɗancan su ce da ana sa ido a kan rajista da kyau da ba a kai nan ba, waɗannan su ce abin da ya cece su shi ne injin da ya katse daga sauran.

A aikace yawancin waɗanda suka ƙware tsakiya suke bi, kuma hujjar ɓangare na biyu ce ta fi tsara yadda ake yin aikin. Ana haɗawa, amma akawun ɗin mai gadi na karatu ne kawai ba ya iya canza komai, kuma inda ya yiwu akan yi amfani da irin akawun ɗin da Windows ke canza wa fasuwod da kansa. Ana ajiye akawun ɗin gaggawa ɗaya ko biyu a cikin manhajar sa idon da ba su dogara da rajista ba, a rubuta fasuwod a rufe a ambulan a sa a sef, duk ranar da aka buɗe sai an yi bayani. Ƙararrawar da ta shafi rajista ta bi ta tes ko wata hanyar da ba ta ratsa imel ɗin kamfani. Sannan a samu kwafin rajistar da ba ya jone da netwok kwata-kwata.

Kuɗi

Lasisin manyan manhajojin da dala ake biya, wasunsu kuma gwargwadon yawan rubutun da ka tura musu a rana suke caji, DC kuwa ba abin da ya kai ta surutu, don haka duk lokacin da sidi ya motsa kasafin 'yan aiti ya motsa. Zabbix da Wazuh kyauta ne, amma sai da mutumin da ya iya su, kuma irinsa ba ya daɗewa kafin wani ya ɗauke shi. Shi ya sa wasu ke ba kamfanin waje kwangilar sa idon, wanda tun 2023 shi ma sai ya nemi lasisin CSA, kuma hakan na nufin an buɗe wa baƙo taga a rajista.

Abin da ya shafi ma'aikaci da kwastoma

Ga ma'aikaci, tambayar da ake yi a majalisa tana da amsa biyu. Rubutun rajista ba ya ɗauke da abin da ka rubuta a WhatsApp ɗin wayarka ko abin da ke cikin imel, abin da yake nunawa shi ne sunanka, da injin da ka shiga, da lokaci, da kuma daga ina. Amma wannan ɗin ma ba kaɗan ba ne, ya isa a san ƙarfe nawa ka fara aiki, kuma idan kamfani ya ƙara wasu manhajojin a kan laptop ɗin ofis zai iya ganin fiye da haka. Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta shafi bayanan ma'aikata kamar yadda ta shafi na kwastoma: a tattara don dalili sananne, a sanar da mai su, kada a riƙe fiye da buƙata, kuma mutum na da damar tambayar abin da aka ajiye a kansa. Inda ake samun saɓani shi ne idan rubutun da aka tara don tsaro ya koma hannun manaja yana auna wa ya makara, kuma wannan ya danganta ne da abin da takardar ƙa'idar kamfani ta ce, wadda yawanci akan sa mata hannu ba a karanta ba.

Al'adar "ɗan'uwa ba ni fasuwod ɗinka in gama wannan kafin ka dawo daga masallaci" ita ce ta fi shiga matsala. A da idan kuɗi suka yi ɓatan dabo a akawun na tarayya kowa ake zargi, yanzu sunan mutum ɗaya ne a rubuce da minti da daƙiƙa, ko da shi yana sahun Juma'a a lokacin. Ta ɗaya gefen kuma, wanda bai ba kowa nasa ba rubutun ne zai wanke shi. 'Yan bautar ƙasa da 'yan kwangila su ma za su ga akawun ɗinsu na mutuwa da kansa ranar da wa'adi ya cika, ko da oga ya ce su ƙara sati biyu, sai an sabunta a rajista.

Kwastoma ba zai taɓa ganin allon ba. Abin da zai iya lura da shi shi ne raguwar irin safiyar da Hajiya ta tsaya a layi saboda agogo, da kuma wahalar da ma'aikacin ciki zai sha kafin ya leƙa asusun wani ko bayanan momo ɗinsa ba a gani ba. Sai dai tunda ƙofar ta zama ɗaya, ranar da rajistar ta samu babbar matsala ba reshe ɗaya ne zai tsaya ba, kantar kashiya da manhajar waya da layin kiran kwastoma suna iya yin shiru tare, kuma tsawon shirun ya danganta ne da ko akwai ambulan ɗin nan a sef, da kuma ko an taɓa gwada dawo da rajistar daga kwafi kafin ranar.